Akurki a Bayan Akori-kura

Tun da na dawo daga Amurka ban sha shayi da zafinsa a majalisarmu ta bakin tasha ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya jawo benci ya ce, "Sabo, ba mu labari." Na bayar har bakina ya gaji, labarin kuma ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji ana faɗa wai zaki ne ya biyo mu a daji. Babu wani zaki. Taɓo ne kawai, da taurin kaina. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa ta waya in sha shayina.

Da farko dai ba yawon buɗe ido na je ba, Inna ce ta aike ni. Yayana Lawan injiniyan ruwa ne, ya shekara ashirin da shida a can. A da kowace shekara sai ya zo, ya cika gida da hayaniya, ya yi faɗa da mai gyaran famfo, ya koma. Yau shekara uku ke nan ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Waya dai ba ta yankewa, kowace Juma'a sai ya kira, amma da an taɓo maganar zuwa sai ya ce aiki ya yi yawa. Da takardun tafiyata suka fito, Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ba turare na aike ka ba, ba atamfa ba. Rana nake so. Ya faɗa maka ranar da zai zo, ka riƙo ta da kyau ka kawo mini." Inna ta haura tamanin. Na ce mata ta ɗauka an gama.

Ni kuwa, ga wanda bai san ni ba, shekara ashirin da biyu na yi ina jan akori-kura daga Dawanau zuwa ƙauyuka. Na ɗauki masara, na ɗauki siminti, na ɗauki amarya da kayan ɗakinta da dangin ango a tafiya ɗaya. A kan lodi ba na jin maganar kowa.

Jirgi bai burge ni ba. Abin da ya fi damuna shi ne tun daga Kano har muka sauka ban ga fuskar direba ba. Mutum ya ɗauke ka ya bi da kai ta saman teku, ba ka san ko yana gyangyaɗi ba. Mun yada zango a wata ƙasa muka yi awa bakwai a kan kujera, sannan muka sake tashi. Abincin da suke kawowa kuwa, in ka haɗa na tafiyar duka ba zai kai malmalar tuwo ɗaya ba.

A filin jirgin Washington wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar ya zo gaisuwa. Aka kai ni gefe aka buɗe. Kilishin da Inna ta sa aka yi wa Yaya, tun a nan na yi ban kwana da shi, don ba a shiga ƙasar da nama. Kuka da kuɓewa busasshiya suka wuce. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya taki biyu, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya ja da baya. Suka tambaye ni mene ne wannan. Na ce da ɗan Turancina na tasha, na miya ne. Suka yi shawara a tsakaninsu, suka ƙulle suka miƙo mini. Ina jin babu wanda ya yarda a ajiye ta a ofishinsa.

Da na fito na wuce Yaya sau biyu ban gane shi ba. Mutumin da in ya zauna a gaban motata sai ta karkata, yanzu riga na yawo a jikinsa. Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?" Ya yi dariya ya ce likita ya raba shi da mai da gishiri, kuma a ƙasar nan tumbi ba alamar arziki ba ne. Na karɓi maganar don ina son in karɓa.

Suna zaune a Alexandria, kusa da Washington, a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene, shi da matarsa Anti Hauwa. 'Ya'yansu biyu sun yi nisa da karatu a wasu garuruwa. Kwana uku na yi ina gaida mutane a cikin lif. In na ce barka da asuba, sai su kalli lambobin da ke saman ƙofa kamar a can aka yi maganar. Wata tsohuwa ce kaɗai ta amsa, da na zarce ina tambayar iyali da gajiya sai ta sauka a hawan da ba nata ba. Abinci kam ban yi kewar gida ba. Anti Hauwa ta yi miyar kuka da daddawar Inna, ƙanshi ya bi dogon baranda har wani maƙwabci ya leƙo yana tambaya ko wani abu ya lalace a bututu.

Ranar da na kwana biyu na isar da saƙo. Bayan mun ci abincin rana na ce, "Yaya, Inna ta ce in zo mata da rana."

Ya ce, "Za mu yi maganar. Taso ka ga wani abu."

Muka sauka can ƙarƙashin bene inda suke ajiye motoci. Ya nuna mini wata farar akori-kura, ƙatuwa, ta yi biyun tawa. Na leƙa bayanta, ko ƙwarzane ɗaya babu. Na ce, "Me kake ɗauka da ita?"

"Ba komai tukuna. Kampa zan ɗora mata."

Ya fito da waya ya nuna mini hoto. Ɗaki ne guda ake ɗora wa bayan motar, da gado da murhu da taga, mutum ya ja abinsa ya shiga daji ya kwana. Na duba da kyau na ce, "Wannan ai akurki ne." Tun daga ranar ban sake kiransa da wani suna ba. Raina kuwa ya ɓaci. Uwarka na ƙirga kwanaki a Kano, kai kana nan kana neman akurkin da za ka shiga daji da shi. Amma yaya yaya ne, na haɗiye.

Akwai wata matsala tun kafin a saya. Ƙofar ma'ajiyar motocin gajeriya ce, in aka ɗora ɗakin motar ba za ta shiga ba. Saboda haka muka je wani gari, Clinton, wajen amininsa Isufu, mutumin Damagaram, wanda yake da fili a bayan gida. Isufu ƙato ne, ya yi tuƙin tasi shekaru, yanzu yana loda kwantena yana aikawa gida. Muna haɗuwa jininmu ya haɗu, don shi ma ya yarda cewa wuri ba ya ƙarewa a mota, sai dai mai lodi ya gaza. Ya ce da Hausarsu ta Nijar, "Bon, ku kawo mato ɗin nan, fili na Allah ne."

Wata Talata da sassafe Isufu ya zo ya ɗauki Yaya, wai za su wani aiki. Anti Hauwa ta ba ni katin jirgin ƙasa ta ce in je in ga gari, kada in dawo sai la'asar. Na hau shuɗin layi na shiga Washington, na yi ta yawo har unguwar ofisoshin jakadanci, kowane gida da tutarsa. Abin da na koya a ranar shi ne, a kan matakalar nan mai tafiya da kanta ba a tsayawa a hagu. Hagu ta masu sauri ce. Na tsaya a can na harɗe hannu ina kallon ikon Allah, sai da na waiga na ga layin mutum ya kai ashirin a bayana, kowa ya sha kunu, babu wanda ya ce uffan. Da na dawo gida Yaya yana kwance, aka ce aikin ne ya gajiyar da shi.

Ranar Alhamis muka tafi wajen masu sayar da akurki, tafiyar awa biyu cikin Virginia. Wani bature mai jan gemu ya tare mu da baƙin kofi a kofin takarda. Yaya ne tafinta. Mutumin ya buɗe hannuwa ya ce da irin wannan ɗaki za mu je inda babu wutar lantarki, babu famfo, babu sabis na waya, babu kwalta, mu yi sati guda cur. Yana faɗa idonsa na ƙyalli. Na ce wa Yaya, "Gaya masa ƙauyen kakanninmu ke nan, kuma mu ba ma ɗora wa mota ɗaki kafin mu je." Yaya bai fassara ba.

Iri biyu ne. Akwai mai tsayayyen bango, dogo, da wurin wanka a ciki. Akwai kuma gajere wanda in an tsaya ake ɗaga rufinsa, gefensa ya zama tanti. Mai jan gemu ya ce in hanyar daji za a bi, gajeren ya fi, don dogon yana kama rassan itace, yana kuma rangaji a kan duwatsu. Ni dai dogon ne ya kwanta mini. Na shiga na gwada tsayuwa da ruku'u, lafiya lau. Da na zo sujada sai na ga tsakar ɗakin siririya ce, ba ta ɗaukar mutum sai ta tsawo. Wato duk lokacin salla sai an tayar da mota an juya ta ta fuskanci alƙibla. Yaya ya ce ai akwai tabarma, akwai ƙasa a waje.

Sai aka zo kan bayan gida. Yana ƙarƙashin wani benci, tsakaninsa da murhu bai fi kamu uku ba. In ya cika, ana zaro shi ta waje kamar akwati, a ja shi a je a zubar. Na ce a bar mini butata, daji da faɗi. Mai jan gemu ya ce a wasu dazuzzukan doka ce, abin da ka shiga da shi sai ka fito da shi, har da wannan ɗin. Na nemi Yaya ya sake fassara mini, ya sake, maganar ba ta canza ba.

Tankin ruwa kuma galan ashirin. Mutumin ya ce zai ishi mutum biyu kwanaki. Na ce wannan bai san alwala biyar da tsarki ba. Yaya ya ce buta ɗaya tana alwala biyu in ba ɓarna za ka yi ba. Na ajiye abin a raina.

Daga nan mai jan gemu ya buɗe ƙofar direba ta motar Yaya, ya nuna wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙarfe. Ya ce kafin mu so kowane ɗaki, mu fara karanta wannan. Ita ce ke faɗin iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, da ɗaki da ruwa da abinci da mu kanmu: laba dubu ɗaya da ɗari bakwai. Na mayar da shi lissafin da na sani, sai na ga buhun masara takwas bai cika ba. Na yi dariya har na ƙware. Tawa da ba ta kai rabin wannan ba, na ɗora mata ashirin da biyar na hau da ita gadar Tamburawa. Na ce, "Yaya, wannan takardar don tsoron lauya suka manna ta. Mota sifirin ake dubawa. In bai kwanta ba, da saura." Dogon ɗakin da nake so, shi kaɗai ya kusa ninka abin da takardar ta ce. Yaya ya cire shi daga lissafi nan take.

Abin da ya ƙure haƙurina shi ne firji. Rabin awa Yaya ya yi a durƙushe gaban wani ɗan firji da bai fi kwalin taliya biyu ba. Akwai mai aiki da gas, wanda ba ya sanyi sai mota tana tsaye daidai, in ta karkata dole a kashe shi. Akwai mai aiki da batir da farantin sola, shi ba ruwansa da karkata. Awa nawa batir ke yi in babu rana? In hadari ya kwana biyu fa? Na fita waje na tsaya ina cizon yatsa. Duk wannan a kan ruwan sanyi.

A ƙarshe mai jan gemu ya ba da shawara mu karɓi hayar ɗaya mu gwada kwana biyu kafin a saya. Wanda ya dace da motar a cikin na haya ƙaramin mai tsayayyen bango ne, firjinsa na gas. Yaya ya sake duban firjin, sannan ya amince. Washegari aka ɗora, muka kai gidan Isufu.

Asabar da safe muka hallara. Yaya ya zo da takarda, ya rubuta nauyin komai, har da nawa da nasa. Muna cikin haka sai ga Isufu ya fito da jaka da darduma a kafaɗa. Ya ce, "Bon, ina raka ku." Ba a ce wa amini ya koma. Yaya ya sake zama da takardarsa, ya shigar da Isufu, ya fitar da janareton da Isufu ya ba mu aro, da rabin buhun shinkafar da Anti Hauwa ta haɗo mu da shi, da itacen girki, da jarkoki shida na ruwa da na cika da hannuna saboda alwala. Ya ce a bar su a nan. Sannan ya shiga ciki ya ɗan kishingiɗa kafin mu tashi.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mota. Sifirin ko gezau bai yi ba. Na kalli Isufu, Isufu ya kalle ni. Cikin minti goma mun mayar da komai, muka jera su daga bakin ƙofar ɗakin ta baya har ciki, na rufe na kulle. Wallahi a lokacin gani nake taimakon Yaya na yi.

Shi ya ja motar. A kan babban titi ya ce yana jin sitiyari ya yi masa sakayau a hannu, na ce iska ce. Muka yi awa uku muna nausawa yamma har muka shiga duwatsu. Kwalta ta ƙare, burji ya ƙare, aka koma hanyar da ruwa ya zaizaye. Wayoyinmu suka ɗauke. Yaya ya sauke gilashi, ya sa motar a giyar da ke jan taya huɗu, har da 'yar waƙa a bakinsa. Tun zuwana ban ga fuskarsa ta sake haka ba.

Wajen azahar muka iso wani ɗan rafi da hanya ta ratsa. Ruwan bai kai gwiwa ba. Gaban mota ya haye lafiya. Da baya ya zo kan gaɓa sai na ji ta yi wani nishi da na sani sarai, tayar hagu ta nutse cikin taɓo har gindi, motar ta karkata, akurki ya leƙa rafi kamar zai sha ruwa. Ta kafe.

Ni tayoyi na nufa. Yaya kuwa bai ko kalle su ba, ya zagaya baya da sauri ya buɗe ƙofar ɗakin. Sai ga jarkokina a jere, ga janareto, ga shinkafa, sun tare hanya. Ya juyo ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya kama jarka ɗaya zai sauke. Ya ja, ya sake ja, ba ta motsa ba. Jarkar lita ashirin da biyar. Wannan mutumin da na sha gani da idona ya saɓa buhun gero daga ƙofar gida har rumbu. Ya saki ya dafa ƙofa yana haki.

Na sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga da rarrafe ya kashe firjin, ya ciro wata 'yar shuɗiyar jaka daga cikinsa. Isufu bai tambayi komai ba. Ya karɓa, ya sa ta a leda biyu ya ƙulle, ya saka a ƙaramar kula, ya kai inda ruwan rafin ya fi sanyi ya danne da dutse. Yadda hannunsa ya san aikin ya nuna mini ba yau ya fara ba. Sannan ya ce zai hau tudu ya nemi sabis ko mutum, ya tafi ya bar mu.

Muka zauna a kan wani gungume. Na ce, "Yaya, mene ne a jakar?"

"Allura ce. Ba ta son zafi."

"Ta mece ce?"

Ya ce, "Ciwon a ɓargo yake, Sabo. Shekara uku ke nan. Duk sati uku sai na je asibiti an ƙara mini magani ta jijiya, Isufu ke kai ni. Ranar da aka tura ka yawon gari, can muka je. Likita ta ce kada in yi nisan da ya wuce tafiyar wuni ɗaya."

Na ce, "To akurkin fa?"

"Shekara uku daga hawa na sha huɗu sai asibiti, daga asibiti sai hawa na sha huɗu. Ina so in buɗe ƙofa in taka ƙasa. In hura wuta da itace, in ji hayaƙi a rigata. Gida ya fi ƙarfina yanzu. Nan ne iyakar inda igiyata ta kai."

"Inna fa?"

"Inna na da hawan jini. Ka ce mata bayan Babbar Sallah."

"Wace Babbar Sallar?"

"Ba sai ka faɗi wacce ba. Ka yi mini alkawari."

Na ce to. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji haushin cewa Isufu ya san abin da ni ɗan'uwansa ciki ɗaya ban sani ba. Na tashi na kama jarkokin nan ina tuttule su. Ruwan da na ɗauko tun daga Clinton, tafiyar awa uku, na zo na zuba shi a rafi. Ina zubawa ina kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan la'asar Isufu ya dawo a gaban wata tsohuwar akori-kura, wata dattijuwar baturiya mai takalmin roba tana ja. Ta sauko ta zagaya motarmu, ta dubi janareto, ta dubi buhun shinkafa da tulin itace, ta tambayi wata nawa za mu yi. Ta ɗaura mana igiyar ƙarfe ta injin da ke gaban motarta, ni na tona gaban tayar na jera duwatsu, wannan kam aikina ne. Ja ɗaya motar ta fito. Muka ba ta dafa-dukan da Anti Hauwa ta yi mana guzuri, ta ci cokali uku hawaye na zuba saboda yaji, ta ce a ƙara mata. Muka bar mata itacen da shinkafar. Yaya ya duba jakarsa, da sauran sanyinta, amma ya ce mu koma gida. Ko kwana ɗaya ba mu yi a akurkin ba.

Ranar Litinin ni na ce a biya ta ma'aunin manyan motoci kafin mu mayar da na haya. Muka hau, aka ba mu takarda, na sa Yaya ya karanta mini nauyin gaba da na baya. Da muka isa wajen mai jan gemu ni na durƙusa gaban firji. Na sa aka nuna mini batir, aka nuna mini inda wayar sola ta bi, na tambayi abin da zai faru in fis ya ƙone a daji, na sa aka ƙara wasu a cikin akwatin kayan gyara. Muka zaɓi gajeren, mai rufin da ake ɗagawa, mai firjin batir. Akwai alama a jikinsa da ke nuna inda nauyinsa ya taru, na auna da tef na tabbatar ta faɗo gaban tayar baya. Na ja Isufu gefe na ce ko allura aka ƙara a kan abin da takardar ƙofa ta ce, ban yafe ba. Ya ce, "Wallahi na ji." Sai bayan wasu makonni za a ɗora, don haka ban gan shi a kan motar ba.

A jirgin dawowa ban yi barci ba, ina ta maimaita "bayan Babbar Sallah" don ta zauna a bakina. Na iso gida da hantsi. Inna ba ta bari na ajiye jaka ba.

"Ina ranata?"

Na buɗe baki. Na dubi fuskarta, sai maganar ta ƙi fitowa. Na zauna a bakin gadonta na faɗa mata komai, tun daga ramar har jarkar da ya kasa ɗagawa. Ina faɗa ina kallon ƙirjinta, ina jiran abin da Yaya yake tsoro. Da na gama, sai ta tambaye ni:

"Yana salla a tsaye?"

"Yana yi."

"Yana cin tuwo?"

"Kaɗan."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "To. Shi aka hana tafiya, ni babu wanda ya hana ni. Ka kai ni inda ake yin fasfo."

Na ce Inna, tafiyar ta fi wuni guda, ga sanyi, ga gwiwarki, ga takardun ba a samunsu da sauƙi. Ta ce ba shawara ta nema ba. Ta sa na kira Yaya. Yana jin muryata ya gane. Ya ce, "Sabo, ka yi mini alkawari." Na ce, "Na yi, Yaya. Ga Inna." Na miƙa mata wayar na fita tsakar gida, don abin da suka faɗa wa juna ba nawa ba ne.

Ranar Laraba na kai ta aka ɗauki hoton. Mai hoton ya ce, "Hajiya, a ɗan saki fuska mana." Ta ce ya ɗauka haka nan, sauri take yi.